Bijimi a Bayan Zana

Bara'atu ta gama karatun aikin jarida, ta gama bautar ƙasa, ta dawo Gusau ta zauna gidan gwaggonta Ladidi tana neman aiki. Babu ofishin da takalminta bai taka ba. Amsar ko'ina ɗaya ce: ki bar takardunki, za a neme ki. Har masu gadi sun san ta, suna gaishe ta da suna, abin da kuwa ba na alfahari ba ne.

Gwaggo ba ta taɓa ce mata ta koma ƙauye ba. Sai dai kullum da safe takan tambaya, "Yau ina anka nuhwa?" da wata murya mai laushi wadda ta fi faɗa ciwo. Gidan ƙarami ne, yara sun cika shi, katifar Bara'atu ma sai an jingine ta da bango kafin a sami wurin salla.

Hafsat ce ta nuna mata wata hanya. Ƙawarta ce tun makaranta, 'yar Tsafe, mai baki kamar rediyo.

"Ke dai kin cika ƙauyanci," in ji Hafsat. "Wa ka duba takarda yanzu? Ki gyara shahinki na Fesbuk, ki bi manya, duk abin da sunka rubuta ki sa baki da hankali. Wata rana wani za shi lura da ke."

Haka Bara'atu ta koma gaida manya ta waya. Kuɗin da za ta ci awara ta sa data. Wani ya yi tari a shafinsa, ta ce Allah ya ƙara lafiya. Wata ta ɗora hoton taro, ta rubuta sharhi mai tsawo kamar ita ta shirya taron. Kunya takan kama ta, amma kunyar ba ta kai ta kallon idon Gwaggo da safe ba.

Wadda ta lura da ita ita ce Hajiya Mansura, jami'a a wata ƙungiya mai tallafa wa manoma. Wata ranar Asabar ta aiko mata da saƙo: suna neman wadda za ta riƙe musu shafukansu, ga albashi, ga ɗakin kwana a gidan ma'aikata. Ba sa son takarda. Kowane mai nema ya ɗauki gajeren bidiyo a gidan manomi na gaske, ya ɗora a shafinsa a buɗe, ranar Alhamis kwamiti zai zauna ya duba wanda jama'a suka fi kallo.

Bara'atu ta karanta wurin da aka ce ɗakin kwana har sai da idonta ya yi ruwa. Gidan manomi kuwa ba sai ta nema ba, a cikinsa aka haife ta. Washegari ta hau mota zuwa Bungudu, ta hau babur zuwa ƙauyensu Rawayya.

To, akwai wani abu da duk ɗan yankin ya sani. Tun da ɓarayin daji suka addabi mutane, babu mai shanu a gari. Ka tambayi kowa ina shanunsa, zai ce maka, "An sayar." Maƙwabcinsa da ke jin kukansu ta kan katanga shi ma zai ce an sayar, domin shi ma yana da nasa abin da aka sayar. Ba ƙarya ake ɗaukarta ba, amsa ce da ake ba wanda ba a amince da shi ba, don ba a san bakin da ke kai labari daji ba. Kuma ɓarayin in sun zo ba dabba kaɗai suke kora ba, har mai ita.

Malam Tambaya, mahaifin Bara'atu, yana da bijimai biyu na huɗa, Fari da Gitsawa. Tun kaka ya tashe su daga turkensu na ƙofar gida, ya kai su can ƙuryar gida bayan rumbu, ya kewaye su da zana, ya shaida wa majalisa cewa ya sayar. Su ne ƙarfinsa. Da su yake huɗe gonarsa ta bayan gari, da su ya yi wa Bara'atu karatu.

Bara'atu ta iske baban ya tafi kasuwa. Ta zaunar da Inna a gindin rumbu, inda haske ya fi kyau, ta ce ta yi bayanin yadda ake ajiye dawa da toka da ganyen dogon yaro don kada ƙwari su ci. Inna ta gyara kallabi ta fara. Ana tsaka da magana Fari ya turo kai ta ɓular zana, ya miƙo harshe ya kama gefen kallabin Inna ya ja. Inna ta yi salati ta kai masa duka da faifai, shi kuwa ya tsaya yana kallon waya kamar shi aka zo ɗauka.

A motar komawa Gusau Bara'atu ta kalli bidiyon ta yi dariya har fasinjoji suka waiwayo. Ta san da zancen ɓoyon, ba za a ce ba ta sani ba. Ta ma ɗora yatsa za ta yanke wurin. Sai ta tuna sauran masu neman aikin, ta tuna bayanin toka ba ya tara jama'a. Kuma wa zai kalli shafinta a daji, ita da mabiyanta ba su cika aji ɗaya ba? Ta bar shi, ta rubuta a sama: Hikimar Innata, daga Rawayya.

Kafin magariba bidiyon ya tashi. Waya ta yi ta ƙara kamar an taka ɗan tsako. Mutanen da ba su taɓa amsa gaisuwarta ba suna turo dariya, suna cewa a ba bijimin nan sarauta. Hajiya Mansura da kanta ta rubuta, "Madalla, irin wannan muke nema." Gwaggo ta zuba mata tuwo da nama a kai ba tare da ta tambayi komai ba.

Ranar Talata da hantsi ta ga wani sharhi a ƙasa. Mai shi ba hoto, sunansa ma ba suna ba ne. Ya ce, "Masha Allah. Ashe bijiman Malam Tambaya na nan." Ba ta rubuta sunan babanta ko'ina ba. Ta sake karanta sharhin. Wataƙila ɗan gari ne mai tsokana, wataƙila kuma ba shi ba ne, kuma babu wanda za ta tambaya.

Ba a jima ba yayanta Lukuman ya kira.

"Ke Bara'atu, mi kinka yi muna? Yanzu na hito shagon cajin waya, samari sun taru bisa waya guda suna kallon Fari. Har da baƙin huska. Ki goge abin ga yanzu-yanzu."

"Yaya, jibi kwamiti ka zama. In na goge aikin ya tahi."

"Aiki? Baba bai rumtsa ba jiya, shina zaune bakin zana da sanda. Sanda hwa, Bara'atu."

Ta kira Hajiya Mansura, ta yi mata bayani, ta roƙa a bar ta ta rufe bidiyon ta tura wa kwamiti ta bayan fage.

"Ayya, ƙanwata, na gane," in ji Hajiya. "Amma 'yan kwamitin ba 'yan nan ba ne, yawan masu kallo suke dubawa. In suka buɗe ba su ga komai ba, ba ni da bakin kare ki. Ki daure zuwa Alhamis, Allah zai tsare."

Mai cewa a daure zuwa Alhamis gidanta na cikin Gusau, da katanga da mai gadi.

Bara'atu ta shiga ɗaki ta zauna jikin katifar da aka jingine. Masu kallo sai ƙaruwa suke yi, abin da ta yi shekara tana roƙon Allah, yau kuma kowane ƙari sai ta ji kamar an ƙwanƙwasa ƙofar gidansu. Ta kira babanta, tana so ya zage ta ko ta samu sauƙi. Bai zage ta ba. Ya tambayi lafiyar Gwaggo, ya tambayi yara, sannan ya ce, "Ki yi abin da kika ga ya dace, ɗiyata." Da ya kashe wayar ta yi kuka sosai, kukan haushin kanta. Kafin la'asar ta goge bidiyon.

Ta ɗauka ta biya abin da za ta biya ke nan. Washegari Hafsat ta kira daga Tsafe.

"Kin goge? To a banza. Ga shi nan Wasaf ɗin kowa, har wani ya sa mishi kiɗa. Masu shayi na nan suna kiran shi Bijimin Rawayya."

Ta bi shafukan da suka kwafa ɗaya bayan ɗaya tana roƙo a cire. Wani ya cire, wani ya ce ai tallata ta yake yi, ta gode masa mana. Yawancinsu ko buɗe saƙon ba su yi ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci aka yi sallama a ƙofar gidan Gwaggo. Malam Tambaya ne, rigarsa duk ƙura da gashin dabba, igiyoyi biyu a naɗe a hannunsa. Tun asuba shi da Lukuman suka ɗora bijiman a mota suka kawo su kara, kasuwar shanu, da rana tsaka aka sayar, a gaban jama'a, don labari ya koma inda ya kamata ya koma. Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas, da alama a makon za a yi ruwan shuka.

"Baba, huɗar bana hwa?"

"Akwai hauya," ya ce. Ya karɓi ruwa ya sha. "Fari ya ƙi hawa motar mahauta, sai da ni na hau na kira shi."

Bara'atu ta shimfiɗa masa tabarma, ya zauna ya ajiye igiyoyin a kai. Suna zaune a haka wayarta ta yi ƙara. Hajiya Mansura ce, murya cike da fara'a.

"Albishirinki! Kin goge, amma shugaban kwamiti ya riga ya gani a wani shafi, ya ce ke yake so. Litinin ki zo ki karɓi makullin ɗaki. Aikinki na farko Tsafe, ki shiga gidajen manoma ki ɗauko mana irin wancan, da dabbobinsu. Dabbobin su ne ke jan mutane. Kada ki manta ki gaida mana bijimin nan."

Muryar wayar a buɗe take, baban ya ji komai. Gwaggo ta rangaɗa guɗa daga madafa. Bara'atu ta dubi igiyoyin da ke kan tabarma, ta ji ba ta son aikin, ba ta son ɗakin, ba ta son ganin waya har abada. Ta buɗe baki za ta faɗa, baban ya riga ta.

"Ki amsa," ya ce a hankali. "Sun riga sun tahi. In kin ƙi, mun yi asarar banza."

Ta ce wa Hajiya ta gode.

Bayan ta raka shi tasha ta dawo, ta tsaya a soro ta yi ta tunanin gidan da zai buɗe mata ƙofa a Tsafe. Gida ɗaya ta sani, gidan su Hafsat. Ta sha kwana a cikinsa lokacin hutu, ta sha nonon saniyarsu da ɗuminsa, ita da Hafsat suka raɗa wa maraƙinta suna. Ta yi niyyar ta ce ba za ta nuna fuska ba, ba za ta faɗi unguwa ba, za ta yanke duk abin da aka ce ta yanke. Ta kira.

Hafsat ta yi ihun murna, ta ce ai ta faɗa mata, ta ce sai an yi walima.

"Tsahe za su hwara tura ni," in ji Bara'atu. "Gidajen manoma. Nic ce ko in hwara da gidanku, tunda Babanku na da shanu."

Murnar Hafsat ta yanke nan take. Ta amsa da irin muryar da ake yi wa baƙo.

"Ayya, ba ki ji ba? An sayar."