Famfon Ɗakin Ƙurya

Baba Mai Famfo yana tsugune a gindin tanki yana ƙwanƙwasa bututu da sifana, 'yarsa ta shigo daga asibiti da takarda a hannu. Kwanan jikarsa tara a kwance, zazzaɓi da tari sun ƙi sakinta. Gwaji ya nuna ƙwayoyin cutar daga ruwan gidan suke, likita kuma ya ce a nemo inda ruwa ke kwanciya cikin bututu ba ya gudu.

Abin ya ƙona masa rai. Shekara arba'in yana ja wa mutane ruwa, yau a ce nasa ne ya kwantar da yarinya? Da hannunsa ya shimfiɗa kowane bututu na gidan nan, tun suna ango da amarya shi da matarsa, yana haƙa tana yi masa tsiya wai ya fi son ƙarfe a kanta. Ranar da ruwa ya fara zuwa ta jiƙe sharkaf, tana dariya har maƙwabta suka leƙo.

Ya bi layin, kicin, banɗaki, tsakar gida. Ko'ina ruwa yana gudu lafiya. Sai ya ja ya tsaya a ƙofar ɗakin ƙurya.

Lokacin da ƙafafun matarsa suka gaza, ya ja mata famfo har gefen gado don kada ta riƙa roƙon kowa ruwa. Shekara shida ke nan da rasuwarta. Ya kulle ɗakin, bai sake murɗa famfon ba, bai kuma yanke reshen bututun da ke kai masa ruwa ba. Sau nawa ya yi wa abokan sana'a faɗa a kan barin mataccen reshe, inda ruwa ke tsayawa ya ɗumama, ya lalace, ya gurɓata sauran? Amma duk ranar da ya yi niyyar yankewa, sai ya ji kamar zai kori matarsa daga gidan.

Ya buɗe ɗakin, ya murɗa. Famfon ya yi kakari ya tofo jan ruwa mai wari.

"Baba, ka san da shi?" in ji 'yar daga bayansa.

Da ya ce mantuwa ce ta tsufa, da ta yarda.

"Na sani. Kewarta ce ta hana ni."

Ta daɗe tana kallon gadon.

"Ni ma uwata ce, Baba. Amma waccan da ke kwance a asibiti 'yata ce."

Ta ajiye masa jakar kayan aiki, ta koma asibiti. Ya je ya kashe ruwan gidan gaba ɗaya don ya yanke reshen.