Ruwan Ya Ɗan Sauya Launi

Da safe, a kan hanyarta ta zuwa gidan rediyon da take karanta labarai, Wulandari ta tsaya a kan gada. Kogin ya koma baƙi wuluk daga bututun masana'antar rini zuwa ƙasa, ga kifaye birjik sun juya ciki sama. Warin har maƙogwaro.

Da isarta ta rubuta abin da ta gani. Editansu, Pak Sutrisno, ya karanta, ya soke "guba", ya soke sunan masana'antar.

"Ki ce ruwan ya ɗan sauya launi saboda damina, ana bincike."

"Haba Pak, da idona fa na gani!"

Ya leƙa taga, ya rage murya. "Jiya wasu mutum biyu suka zo gidana a kan babur. Ba su yi faɗa ba. Makarantar 'ya'yana kawai suka tambaya."

Ta shiga ta karanta yadda ya ce, da muryar nan tata mai kwantar da hankali.

Bayan azahar wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce, wadda take kira Ibu, daga ƙauyensu na bakin kogin.

"Nduk, 'yata, mun ji ki a rediyo. Da mun ji tsoro, amma tunda ke kika ce ba komai, kowa ya kwashi kifin. Har mun soya da sambal, yajin nan namu."

"Ibu, kun ci?"

"Sosai ma. Na ajiye miki naki."

Ba ta san lokacin da ta hau babur ba. Tana tafe tana salati.

Ta tarar da tsohuwar a durƙushe tana amai, leɓɓanta sun yi fari. A maƙwabta ma kakarin ake ji. Ta sa aka ɗauke su zuwa asibiti, ita kuma ta ruga masallaci ta roƙi ladan ya ba ta lasifika.

"Jama'a, Wulandari ce! Ƙarya na karanta ɗazu. Guba ce a kogin! Kada wanda ya ƙara ci!"

Mahaifiyarta ta farfaɗo washegari. Tsohuwar gidan da ke kusa da su ba ta tashi ba. Jaridu suka ce ciwon ciki ne ya ɓulla a yankin.

Wulandari ba ta koma aiki ba. Har yau, in babur ya rage gudu a ƙofar gidansu, sai ta ɗauke numfashi har ya wuce.