Na'urar da Ta Yi Salla Ba Alwala

"Ni za ka yi wa dogon turanci? An sallame ka ko ba a sallame ka ba?"

Muryar Balaraba ke nan, matar Yahaya, masu haya a gidana nan Unguwar Dosa. Ni kuwa ina gindin tagarsu ina tsintar shinkafa. Shinkafar tas take, amma mai neman tsakuwa ba ya rasawa.

Yahaya shi ke kula da na'urar wasiƙu a ofishinsu, mai aika saƙo ta wayar tarho, imel suke ce masa. Bara har zakara ya yanka, wai ya koya wa na'urar yin aiki da kanta: lokaci na yi ta farka, ta share tsofaffin saƙonni, ta karɓo sababbi.

"Ki tsaya ki ji," in ji shi, murya duk ta dushe. "In ina zaune gabanta, ta san yarena. In ita ta tashi da kanta, sai an fara ɗora mata kalmomin umarni a layin farko. Layin nan na manta."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai ta riƙa farkawa, ta karanta, ba ta gane ba, ta koma barci. Akwatin saƙonni ya cika. Aka kira Daraktanmu taro Abuja, saƙon bai shigo ba."

Bakina ya ƙi zama. Na leƙa na ce, "Wato Yahaya, wata da watanni baiwar Allah tana salla ba alwala?"

Na jira dariya. Ya ɗago jajayen idanu ya ce, "Haka ne, Iya." Mutumin da ko farashin gishiri sai ya yi musu da ni!

Balaraba ta ce, "Ƙanena Labaran masinja ne yana cin abincinsa, ka ce wa Darakta an daina aike da ƙafa, aka kore shi. Yanzu gida biyu ba wuta a murhu. To koma ka ƙara mata layin mana!"

"Na ƙara tun jiya."

"Ta ƙi?"

"Tana aiki lafiya lau. Darakta ya tsaya ya ga ta yi komai da kanta, sannan ya ce to ni kuma zaman me nake yi."

Sai Balaraba ta fizgi mayafi, ta saɓa goyonta, ko takalmi ba ta daidaita ba, ta fice ta bugo ƙofar langa-langar nan, garam!