Farin Yashi a Gaba na Tara

…kuma wai shi, Barmo, shi ne mai jan kwando yanzu. Shi! Shekara ashirin yana haƙar rijiya daga Gangara har Tarka, yau ga shi tsaye a baki, sanyi na cin yatsunsa, ƙanensa Yahuza na can ƙasa yana rera waƙa. Yahuzan da ya koya wa riƙon dagi. Kumandan Turawa ya ce a haƙa rijiya a hanyar Tanout, mai gari ya waiga, ya tsallake Barmo da gurguwar gwiwarsa, ya ce Yahuza. Har da kyautar riga. Shuɗiyar riga, jama'a!

Kwando ya iso. Yana juyewa — tsaya.

Tun safe jar laka ke fitowa, mai ƙarfi, mai riƙe kanta. Wannan fa? Fari fat. Laushi kamar garin gero. Ya damƙa, ya matse, ya buɗe hannu… ya zube ta tsakanin yatsu, ko dunƙulewa bai yi ba. Zurfi gaba tara, laka a sama, yashi a ƙasa, ba abin da ke riƙe da bangon sai ikon Allah. Kuma tun gaba na shida ba a kafa itacen tokare bango ba, wai kumandan na sauri.

Gangara, shekarar yunwar Kakalaba. Irin yashin nan. Abokinsa Dado na dariya a ƙasa, sai shuuu, kamar ana zuba hatsi a rumbu… kwana biyu suna tono kafin su ga ƙafarsa.

A ja igiya sau uku, na ƙasa ya fito. Shi ke nan. Sau uku kawai.

To in Yahuzan gwani ne, bai gani ba? Jiya Raliya, matar Barmo, matarsa ta kansa, tana kwasar tuwo ta ce, "Hannun Yahuza akwai albarka." A gabansa! To, albarkar ta gaya masa mana. Can ƙasa duhu ne, ido ba ya rabe fari da ja, Barmo ya sani… ya sani sarai. Shi ya sa na sama ke duba kwando. Babansu ya faɗa, ya maimaita.

Wani kwandon. Fari. Wani kuma.

Ba mutuwarsa yake so ba, wallahi tallahi. Ya ɗan firgita dai. Ya fito yana kakkaɓe yashi, a gaban mai gari ya ce, "Yaya, me ka gani?" Sau ɗaya tak. Yaya…

Waƙar ta tsaya.

Barmo na fizgar igiya. Ɗaya, biyu, uku. "Yahuza! Fito, ɗan uwana!" Daga can ƙasa wani siririn sauti, shuuu — yashi ne, ko numfashi? Igiyar ba ta amsa ba tukuna. Ga tudun farin yashi a gefen ƙafarsa. Kwando uku. Tun na farko ya sani.