Tiya Biyar da Gyara

"Daga yau Malumfashi ta daina jiran Legas ta aiko mata da fenti." Alhaji Abdussamad ne ya faɗi haka, ranar da ya dawo daga kwas ɗin kwana uku a Kaduna da takardar shaida a cikin leda. Shekara talatin yana awon masara. Yanzu ɗakin buhunan ya koma masana'anta.

Sirrin sana'ar wani farin gari ne, kalsiyam, mai laushi kamar hodar jarirai. Shi ke sa fenti ya yi haske, ya kwanta lif a bango. Takardar haɗin da aka ba shi ta ce tiya biyar a kowane duro. Ba ta ce a shafe bakin tiyar ba, don wanda ya rubuta ta bai taɓa zaman kasuwar hatsi ba. Alhaji ya cika kowace tiya har ta yi tozo, ya ƙara gyara.

Olawale mai fenti, haifaffen garin, wanda rabin gidajen unguwar aikin hannunsa ne, ya murza haɗin a yatsa.

"Alhaji, garin nan ya fi ƙarfin gam ɗin da ke riƙe fentin. Ba zai kama ba."

"Malam Wale, kai dai shafa. Ban taɓa tauye awo ba, ba kuma a kan masallaci zan fara ba."

Sadaka Alhaji ya yi wa masallacin Juma'a da duron farko, kuma ba a gardama da mai sadaka. Olawale ya shafa.

Masallacin ya yi kyau kwana tara. Ranar Juma'a dattawan da suka jingina da bango suna sauraron huɗuba suka miƙe, bayan kowa fari fat.

"Wa ya yi aikin nan?"

"Wale."

"Ashsha. Da kuwa yana da hannu."

Ba wanda ya ambaci Alhaji. Da yamma Hajiya Ladidi, wadda ta ba Olawale aikin sababbin shagunanta, ta aiko cewa a dakata tukuna. Alhaji ya ce laifin buroshi ne, shi kuwa ya fara nazarin man goge haƙori, don an ce shi ma garin ake zuba masa.

Ranar Asabar da hantsi Olawale ya sauke bokiti huɗu na fentin kanti daga a-daidaita. Ba wanda ya tambaye shi da kuɗin wa ya saya. Ya jingina tsani a bangon gabas na masallacin, ya fara kankare fentin Alhaji.