Ruwan da Shiuli Ba Ta Faɗin Sunansa

Shekara huɗu da aure, Shiuli ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, kuma abin bai taɓa damun Sagor ba sai ranar da suka je Kuakata, garin bakin teku. Haka uwarsa ta yi wa ubansa har ƙasa ta rufe shi, haka kuma matan ƙauyen su Shiuli suke yi. In tana neman sa sai ta ce, "Kana ji?" shi kuma ya waiwaya. Sai dai a harshensu sagor shi ne teku. Tun da aka ɗaura aure kalmar ta haramta a bakinta, in hira ta biyo ta kai sai ta kewaye ta ce "babban ruwa".

Delwar ne ya kawo shawarar tafiyar. Ɗan kawun Sagor ne, kuma ƙaninsa da shekara biyar, ya dawo hutu daga Malesiya da waya mai ido uku da turaren da yake riga shi shiga ɗaki. Sagor ya rufe shagonsa na gyaran fanka a tsohuwar Dhaka, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba, don Shiuli ta daɗe tana cewa ba ta taɓa ganin babban ruwa ba. Suka kwana cikin jirgin ruwa, suka sauka Patuakhali da asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi mota ta sauke su a bakin teku.

Shiuli ta tsaya ta saki baki. Delwar ya ɗaga waya, ya fara tsokanar da ya saba.

"Bhabi, matar Yaya, ki gaya wa duniya. Wannan ruwan da kike kallo, yaya sunansa?"

"Babban ruwa."

"Haba! Ko ɗan aji ɗaya ya san sunansa. Sa... sa... ƙarasa mana."

"Delwar, za ka sha mari. Allah ya shirye ka." Ta ja gefen sarinta, dogon zanen da ta naɗa, ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Mai sayar da ɗanyar kwakwa ya yi dariya, Sagor ma ya yi. Wasa tsakanin matar wa da ƙanin miji ai ba yau aka fara ba. Amma daga nan kunnensa ya kama wani abu ya ƙi saki. Delwar, zo ka ga ƙaguwa ja. Delwar, riƙe mini takalmi. Delwar, ɗauke ni a nan. Sunan yana fita daga bakinta sumul, ba gargada. Shi kuwa da ya rufe shago dominta, rabonsa "kana ji", sau biyu tun safe, ɗaya ma don ya riƙe jaka ne.

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai ga Sagor a ranar ba. Mutumin da bai iya riƙe lambar wayarsa a ka ba, sai ga shi yana ƙirga sunan wani ƙato a bakin matarsa, bai ɓatar da ko ɗaya ba.

Da ta shiga ruwa har gwiwa, igiya ta taso ta kusa kayar da ita. Sagor yana can baya yana gadin jakunkuna, Delwar ne a kusa, hannunsa ta cafke. Ba ta daɗe ba ta saki, amma Sagor ya ga kamar ta shekara. Da azahar kuma, a rumfar masu soya kifi, ta cire kan kifin, wanda a gida nasa ne ba gardama, ta ɗora a kan shinkafar Delwar.

"Baƙo ne," ta ce. "A can wa zai ba shi?"

"Ci, Yaya, ka ga Bhabi ta fi ka so na," in ji Delwar da baki cike.

Sagor ya ce kifin ya yi gishiri, ya wanke hannu.

Da magariba suna cikin jirgin komawa. Shiuli ta shimfiɗa zanen gado a dandamalin ƙasa, ta danne kusurwoyinsa da jakunkuna kafin wasu su cinye wurin. Ta dama akwai wata tsohuwa da kwandon busasshen kifi, ta hagu wani mai iyali ya jera 'ya'yansa kamar buhuna. Inji yana girgiza ƙarfen da ke ƙarƙashinsu. Sagor ya yi isha'i, ya kwanta ya ba su baya, ya rufe ido, amma kunnensa biyu a tsaye suke.

Su kuwa suna kallon hotunan yini, suna ƙus-ƙus don kada su tashe shi.

"Wannan ka goge, na yi muni."

"Wallahi ba zan goge ba, shi ya fi kyau."

"Delwar!"

Sagor ya tashi zumbur ya fizge wayar. Bai san abin da yake nema ba, kuma bai samu komai ba sai matarsa. Ga ta da jiƙaƙƙen sari, gashi ya warware, tana dariya har ana ganin dasashi. Shekara huɗu suna kwana ɗaki ɗaya bai taɓa ganin wannan dariyar ba. Wannan ya fi masa ciwo fiye da a ce ya kama wani saƙo.

"Talatin da ɗaya," ya ce.

"Me, Yaya?"

"Ba da kai nake ba." Ya juya ga Shiuli, muryarsa ta haura ta inji. "Sau talatin da ɗaya kika kira sunansa yau. Delwar, Delwar, kamar wuridi. Ni kuma kana ji, kana ji, sai ka ce akuyar da ba a raɗa wa suna ba. Sunana ɗaci yake miki? Ko kuwa a gaya mini, cikinmu wane ne mijin?"

Tsohuwa mai kifi ta ce, "Innalillahi." Mai iyali ya juya 'yarsa ta fuskanci bango. Delwar ya miƙa hannu a hankali ya karɓi wayarsa, ya ɗauki jakarsa da takalmansa ya hau matakala zuwa sama. Tun da suke bai taɓa barin wuri ba tare da ya jefa wani barkwanci ba sai ranar.

Shiuli ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafin sarinta a ka, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta yi a gaban mutane.

"Mai kawo mana madara ina kiran sunansa. Yaron maƙwabta ina kiran sunansa. Mutum ɗaya ne a duniya na ɗaga sama da bakina." Sannan ta ce, "To, Sagor. Ka ji shi. Kwanta, Sagor, mutane suna barci."

Abin da ya yini yana kwaɗayi ke nan, ga shi an ba shi har sau biyu. Amma bai ji daɗinsa ba. Ta faɗe shi ne yadda ake kiran mai keke a bakin titi. Ta kwanta a can bakin zanen, ta bar tsakaninsu wurin da Delwar ya tashi.

"Shiuli," ya ce a hankali. "Shaiɗan ne. Gajiya ce."

Ta juya masa baya. Ya kwana zaune, yana jin ma'aikacin jirgi yana kiran sunayen tashoshi.

Da gari ya waye suka sauka Sadarghat, tashar jirgin Dhaka, cikin turereniya. Delwar ya aiko saƙo cewa ya wuce gidan wani aboki. A keke Sagor ya yi ta lallaɓa zuciyarsa cewa fushin dare ne, in an isa gida an sha shayi zai wuce.

Uwarsa tana tsugune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa. Ta ɗago da fara'a.

"Kun dawo lafiya? Zo nan, 'yata, ba ni labari. Kin ga babban ruwan naki?"

Shiuli ta durƙusa ta gaishe ta kamar kullum.

"Na ga teku, Umma," ta ce, kuma da kalmar ta faɗe shi, ba kewaye-kewaye. "Sagor ma ya gani."

Hannun tsohuwar ya tsaya cak cikin shinkafar. Ba surukarta ta kalla ba, ɗanta ta kalla.

"Me ka yi mata?"