Kashi Ɗari Bisa Ɗari

Mai kwamfuta ya sake danna maɓalli, sannan ya juyo da fuskar na'urar wajen Auta.

"Duba da idonki, kada ki fita ki ce ni na ɓata miki."

Ta duba. Darussa tara ne, kowanne da layinsa. Takwas daga ciki magana ɗaya aka rubuta a gabansu: an riƙe. Na tara, can ƙasa, shi kaɗai ke da sakamako, kuma sakamakon da babu na sama da shi. Zanen gini.

"Malam, me ake nufi da an riƙe?"

"Ana nufin an riƙe. Tun safe 'yan makarantarku ke shigowa, kowa fayau. Ke ce ma ta farko da na ga an bar mata ɗaya. Na gaba!"

Ta fito daga shagon kwamfutar. Kwalejin fasaha ta riga ta ba ta gurbi a sashen gine-gine, sakamakon nan kawai ake jira, kuma dole sai da lissafi da kimiyya a ciki. In babu su, wani za a ba gurbin, ita kuma ta zauna gida shekara guda tana amsa tambayar maƙwabta.

A bakin shagon ta tarar da ƙawarta Rediyo zaune kan dakali. Sunan ya samo asali ne daga bakinta da ba ya hutawa, amma yau kamar an cire mata batir.

"Injiniya, me kika gani?"

"Ɗaya aka saki."

"Wanne?"

"Zanen."

Rediyo ta kalle ta, ta fashe da dariya, ta yi ta yi har dariyar ta koma kuka. "Darasin da ba shi da malami? Wallahi duniyar nan ba ta da kunya."

Gaskiya ne, darasin ba shi da malami. Makarantarsu ba ta taɓa koyar da zanen gini ba. Auta ce ta ji an ce kwalejin fasaha na fifita wanda ya yi shi, sai ta ƙara shi a kan takwas ɗin da kowa ke yi. Ranar da ta kai maganar ofis, shugaban makaranta ya cire tabarau ya dube ta kamar ta zo neman aron motarsa.

"Wa zai koya miki?"

"Zan koya da kaina, Yallaɓai."

"To wa zai taimake ki a zauren jarrabawa? Kin yi wannan tunanin? Ki faɗi, ki rage mana kashi, ki ɓata mana ƙyalle."

Ƙyallen nan shi ne ran makarantar. Kowace shekara ana rataya sabo a saman ƙofar shiga, da manyan jajayen haruffa, yana shelar kashi nawa cikin ɗari suka ci. Bai taɓa sauka ƙasa da casa'in da biyar ba. Sai da Baba ya zo da kansa daga shagon kafintancinsa, da dusar katako a gashin gira, ya zauna ya ƙi tashi, kafin shugaban ya sa hannu yana tsaki.

Daga nan gidansu ya shiga uku. Baba ya ɓalle ƙofar kabad ɗin Mama ya goge ta, ta zama allon zane, kayan Mama suka koma kallon duk wanda ya shigo ɗaki. Ya yanka mata doguwar rula mai kai a gicciye. Littafi kuwa wajen wani tsoho mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin tasha ta samo shi, babu bango, babu shafukan farko, don haka ta fara darasin daga babi na biyu. Abin da littafin ya gagara bayyanawa ta nema a wayar Yaya, shi kuma yana tsaye a kanta yana mitar an cinye masa caji. Ta zana kujera daga sama, daga gaba, daga gefe. Ta zana bututun banɗaki an yanka shi biyu. Ta goge takarda har ta huje, ta yi kuka, ta sake. A makaranta aka laƙaba mata Injiniya, ba don yabo ba.

Sauran darussan ba su ba kowa wannan wahalar ba, domin makarantar tana da tsarinta. Da an raba takardu, shugaba zai leƙo ya gayyaci mai sa ido ofis ya sha shayi. Shayin yana da zafi, ba ya shawuwa da sauri. Malamin darasin sai ya shigo da alli, ya cika allo, ya ce, "Ku canza 'yan kalmomi, kada ku zama tumaki." Ba wanda ke canzawa. A jarrabawar insha'i aka ce kowa ya rubuta ranar da ba zai manta ba, sai ga ɗalibai sama da ɗari kowa kawunsa ya faɗo daga tsani ya karya ƙafar hagu. Auta ba ta da kawu mai hawa tsani, amma ita ma ta karya masa ƙafar.

Na lissafi ne ya fi tsaya mata a rai. A tambayar ƙarshe ta riga ta yi aikinta ta samu casa'in da shida. Malamin lissafi, cikin sauri, ya juya lambobin ya rubuta sittin da tara. Ta dubi nata, ta dubi allo, ta ce ita wace ce, ta soke nata ta kwafi na Malam.

Ranar zanen gini kuwa ita kaɗai ce a zauren, ita da ƙofar kabad ɗin Mama. Ba wanda ya kira mai sa ido shan shayi, saboda haka ya ja kujera ya zauna dab da ita yana kallon hannunta har ta gama. Ta fito tana jin haushin kowa, tana ganin ita kaɗai aka yi wa rashin adalci a duk makarantar.

Daga shagon kwamfutar, bas ta sauke su ita da Rediyo a ƙofar makaranta wajen tsakar rana. Iyaye sun cika harabar, wani na dukan ƙofar ofis da tafin hannu, wata na rantsuwa sai ta kai ƙara. An sauke ƙyallen bara, ƙusoshinsa kawai suka rage. Maigadi ya hango Auta ya yafito ta, ya bi da ita ta ƙofar baya.

Shugaba na zaune, fanka na kaɗawa amma gumi ya jiƙa masa wuyan riga. A gefe wani mutum ne da kwamfuta a cinya, mai buga ƙyallen talla.

"'Yata! Shigo, shigo. Ba ta kujera mana. Kin ga abin da nake faɗa wa malamai kullum? Ɗalibi mai himma ba ya ɓuya."

"Yallaɓai, yaushe za a saki sauran?"

"Muna kan magana da hukumar jarrabawa. Wai sun ga amsoshi sun yi kama. To yaran da malami ɗaya ya koyar, da me amsarsu za ta yi kama?" Ya share wuya. "Bar wannan. Bawan Allah nan yana jiran lamba, kuma kin san gobe ake fara ɗaukar sababbin ɗalibai. Sakamako nawa hukuma ta saki a makarantar nan?"

"Ɗaya, Yallaɓai."

"Nawa aka ci?"

Bai jira amsarta ba.

"Ɗaya! Ɗaya cikin ɗaya. Malam, kashi nawa ke nan?"

"Ɗari bisa ɗari," in ji mai ƙyalle, bai ko ɗago kai ba.

"Ka ji. Ba mu taɓa kaiwa nan ba, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Za mu sa hotonki a tsakiya, muna da shi a fayil. Sannan tunda bana kina gida, me zai hana ki riƙa zuwa kina nuna wa 'yan baya zanen nan? Iyaye za su tambaya."

"Ashe kun san bana ina gida."

Shugaban ya ɗauki tabarau ya shiga gogewa. Ta miƙe ta fita ba tare da ta ce e ko a'a ba, shi kuma bai damu da jin amsar ba.

A bayan ɗakin malamai ta ci karo da malamin lissafi yana ƙoƙarin tura babur ɗinsa waje ba tare da ya tayar da shi ba.

"Injiniya, in gaya miki gaskiya? Ba za su saki ba, sokewa za su yi. Tambayar ƙarshen nan ce ta tona mu, kowa sittin da tara."

"Casa'in da shida ne, Malam."

"Yanzu na sani." Ya waiga ya rage murya. "Ki sake rajista a nan baɗi. Ki zauna layin gaba, ni da kaina zan kula da ke."

Ta yi masa godiya, domin haka aka koya mata a gida.

Baba yana yanka katako ta iso shagon. Ya ga fuskarta ya ajiye zarto. Ta faɗa masa komai a tsaye, daga shagon kwamfuta har zuwa ofis. Da ta zo kan ɗari bisa ɗari ya yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta da daɗin ji.

"Ni na kai ki can," ya ce. "Na wuce na ga ƙyallen nan, na ce to, ga inda ba a faɗuwa." Ya cire fensir daga bayan kunne ya mayar. "Ke ma kin kwafa?"

"Na kwafa, Baba."

Ta jira faɗa, faɗan bai zo ba, kuma hakan ya fi mata ciwo. Hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo. Gurbin ya tafi, ta sani, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa laifin gaba ɗaya, tunda da hannunta ta soke casa'in da shida.

Baba ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya miƙa mata tsumma mafi tsabta a shagon.

"Jiya Mamanki ta ce in mayar mata da ƙofar kabad ɗinta, tunda an gama jarrabawa. Har na ɗauko ƙusa."

"Ka mayar?"

"Wuta ta ɗauke, ban samu yi ba."

"To a bar ta tukuna."

Tsoho mai littattafai yana nan a bakin tasha, ya danne kayansa da duwatsu don kada iska ta kwashe. Ya gane ta tun daga nesa.

"A'a, mai zanen gini! Yau kuma wane darasi ne makarantarku ba ta da malaminsa?"

"Duka, Baba tsoho."

Ya zaci wasa take, har ta fara jero su. Ya tona ya zaƙulo mata guda takwas, wani ruwa ya taɓa shi, wani ɓera ya ɗanɗana gefensa, ya ɗaure mata su da igiya.

Hanyar bas ɗin gida ta gaban makaranta take bi. Kafin la'asar ta yi sanyi har an rataya sabon ƙyalle, domin a wannan fannin makarantar ba ta da jinkiri. Jajayen haruffan sun fi na kowace shekara girma. A tsakiya ga Auta, cikin kayan makaranta, tana murmushin da mai hoto ya ce ta yi shekara uku da suka wuce. Masu dukan ƙofa sun watse. Wata mata ce kawai a tsaye riƙe da hannun 'yarta, ta ɗaga kai tana karantawa, leɓunanta na motsi.

Matar ta sauke ido kan Auta, ta mayar kan ƙyallen, ta sake saukewa.

"Ikon Allah! Ke ce wannan? Kai, Allah ya yi miki albarka. Kin gani ko?" Ta girgiza hannun 'yarta. "Haka nake so ki zama. 'Yan mata, wane malami ne ya koya miki? Ajinsa nake so a sa ta."

Auta ta gyara ɗaurin littattafan a hannunta.

"Makarantar ba ta da shi, Mama. Shi ya sa na ci."

Matar ta yi dariya har da tafa hannu. "Yaran yanzu da barkwanci!" Ta ja 'yarta suka shige ta ƙarƙashin ƙyallen, maigadi na yi musu maraba.